Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Zongo, Kwatano
Watan Rajab

Zuwa ga Abdoul-Wahab,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da kyau, da sauran mutanen gida. Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Rafiou direban motar albasa zai ba ka ita hannu da hannu, na kuma roƙe shi kada ya tsaya hira.

An tafi da yayanka. Yana shagonsa da hantsi, yana gwada wa wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, sarƙar babur, sai mota ta tsaya, wasu mutane suka fito, babu kaki a jikinsu. Maƙwabcinsa mai walda ya ce ko murya ba su ɗaga ba. Cewa suka yi ya zo ya amsa tambaya ya dawo. Har ya rufe kofin shayinsa da kwali don kada ƙuda ya faɗa. Da labari ya same ni na je, na tarar da kofin a kan benci yadda ya bar shi.

Na je komisariyar 'yan sandan unguwa, suka ce ba su ba ne. Na je ta gaba, suka ce in koma ta baya. A wuri na ƙarshe wani ya tausaya mini, ya biyo ni bakin ƙofa ya ce, "Madam, in maganar arewa ce, ba a tambaya." Ka san abin da ake nufi da maganar arewa, masu bindigar nan da ke cikin dajin wajenku. Yayanka kuwa, mutumin da in za a yanka kaza a gidan nan sai ya kira maƙwabci. Abin da ake raɗawa a Zongo shi ne wai ya sayar wa wasu tayoyin babur, su kuma suka kai daji. Yaushe mai shago ya fara tambayar mai sayen taya inda za shi?

Unguwa ta yi mana shiru. Abokansa na majalisa sun goge lambarsa daga wayoyinsu. Matan da suka kawo mini ɗinki suna aiko wa a karɓi atamfarsu ba a yanka ba. Ban ga laifinsu ba, amma abin yana mini ciwo.

Yarinyarmu Labiba kuwa, na ce mata babanta ya yi tafiya. Kullum sai ta gyara takalmansa na masallaci a bakin ƙofa, ta juya su su fuskanci ɗaki, wai don in ya dawo.

Kai da kake ce mini matarka duk lokacin da yayanka ya juya baya, to ga shi ya juya bayan. Sai ka nuna mini irin mijin da kake. Ka gaya mini inda zan nufa, don ni dabarata ta ƙare.

Ka huta lafiya.
Matar yayanka,
Karimatou

*

Malanville
Watan Sha'aban

Zuwa ga Karimatou,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya ke da Labiba, ina sanar da ke cewa takardarki ta iso. Na karanta ta, na kuma ƙone ta. Ina ba ki shawara ki yi haka da wannan.

Hankalina ya tashi ƙwarai, amma wajibi ne mu bi abin a sannu. Kada ki ambaci Yaya a waya. Kada ki yi gardama da kowa a ofis. A nan ma an ɗauki mutane, kuma an ga wanda ya je neman ɗan'uwansa aka riƙe shi. Kin san ni malamin lekol ne, makarantar boko, gwamnati nake wa aiki, ido yana kaina fiye da kowa.

Akwai wani lauya a unguwar Agla ta Kwatano, Metir Badarou, tare muka yi makaranta da ƙaninsa. An ce ba ya gudun irin wannan shari'a. Ki je wurinsa da ƙafarki, ki ce ni na turo ki, amma kada ya rubuta sunana.

Game da Inna, na ce mata Yaya ya tafi Lome saro kaya, zai daɗe. Ba ta ba ni wahala ba. Kin san ɗan fari ne, ba ta tambayar labarinsa. Abin da take cewa kawai shi ne, "Mutanen Kwatano suna lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ina ganin a bar ta a haka, shekarunta sun ja.

Maganar wasan da kika yi, na ji, amma yanzu ba lokacinsa ba ne. Allah ya fito da shi lafiya.

Naki,
Abdoul-Wahab

*

Zongo, Kwatano
Bayan ƙaramar Sallah

Zuwa ga Abdoul-Wahab,

Sallama da gaisuwa, da barka da shan ruwa ko da ta makara. Takardarka ban ƙone ta ba, na kunna risho da ita, ka ga ta yi amfani.

Na je wurin Metir Badarou. Mutumin kirki ne, ga yawan magana. Ya ce doka ta ce duk wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin 'yan kwanaki, a gaya masa laifinsa, lauyansa ya gan shi. Na ce to alhamdu lillahi. Ya ce in dakata. Kafin dokar ta yi aiki, sai wani ofis ya yarda cewa mutumin yana hannunsa. Ya rubuta, ya je, ya koma. Wasu suka ce ba su san shi ba, wasu suka ce sirrin bincike ne, ba za su ce e ba, ba za su ce a'a ba. Alƙali kuma ya ce ba zai iya sa a kawo masa mutumin da babu wanda ya ce ya kama ba.

Azumin bana ban san yadda ya wuce ba. Kullum in na dama kunu sai in ƙara tsamiya, don shi ne mai ƙorafin ba ta ji ba, sai na kai baki in tuna babu mai ƙorafin. Na ɗinka masa rigar Sallah ba tare da awo ba, hannuna ya san faɗin kafaɗarsa. Sai da na gama na zauna ina tunanin ko yanzu za ta yi masa yawa. Ranar Sallah na kai Labiba bakin teku a Fidjrossè yadda ya saba kai mu. Ka san shi da tsoron ruwa, can nesa yake tsayawa yana riƙe da takalmanmu yana kiran mu dawo. Wannan karon a hannu muka riƙe takalman. Ina kewarsa, Abdoul-Wahab. Ban taɓa faɗa wa kowa haka a kan namiji ba, amma na faɗa.

Yanzu ga labari. Yana raye. Wani dattijo Bazabarme da aka sako ya zo ya tsaya a gaban keken ɗinkina. Ɗaki ɗaya suka zauna da baban Labiba. Ya ce tun ranar farko yayanka ya gaya wa masu tambaya cewa ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da kowa a duniya, don kada su zo kanmu. Da za a saki dattijon, ya roƙe shi ya bi ta ƙofar gidanmu ya duba ko muna nan, amma kada ya ce mana komai. Dattijon ya ce ya ga yarinya tana gyara takalma a bakin ƙofa, ya kasa wucewa.

Ya ce duk Alhamis ana ɗaukar su a rufaffiyar mota a kai su wurin tambaya. Motar tana rage gudu a inda take tsallake layin dogo. Mata suna tsayawa a wurin suna kiran sunayen nasu. Metir ya ce wannan ita ce ƙofar. Akwai ma'aikacin shari'a da ake ce wa wisiye, abin da ya ji da kunnensa ya rubuta, kotu tana karɓa. In aka kira mutum ya amsa daga cikin motar hukuma a gaban wisiye, ba su da sauran bakin cewa ba ya hannunsu.

Mun je. Na tsaya a cikin matan nan na kira sunansa, na yanka, wanda tun da aka ɗaura mana aure bai fita daga bakina ba. Na kira har muryata ta dishe. Wasu sun amsa wa nasu, shi bai amsa ba. Na koma Alhamis ta gaba, haka. Dattijon ya rantse yana ciki. Ya ji ni, ya yi shiru ne, don in ya amsa ya nuna musu yana da mata.

Na yi tunani har na gaji. Murya ɗaya ce ba zai iya yi wa shiru ba. Ka kawo Inna.

Ina jiran amsarka tare da Rafiou.
Karimatou

*

Malanville
Watan Zulƙida

Zuwa ga Karimatou,

Bayan gaisuwa mai yawa, na gode wa Allah da jin cewa Yaya yana raye. Na yi sujada a kan haka.

Amma abin da kika nema ba zai yiwu ba. Hanyar nan doguwa ce, ƙafafun Inna suna kumbura ko kasuwa ta je. Wannan ma ƙarami ne. Ke kin zo gidanmu da girmanki, ba ki san zurfin kunyar Inna a kan Yaya ba. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa goya shi a gaban mutane ba, ba ta taɓa miƙa masa abinci da hannunta ba, sai ta ajiye ta ce a ba wancan. Ɗan maƙwabta da ya ci sunansa, Ɗanjuma take ce masa, alhali ba ranar Juma'a aka haife shi ba. Ɗariƙar da take yi wa wuridi safe da yamma ma ba ta faɗin sunanta, don sunan Yaya yana ciki. Sai ta ce ɗariƙar su Malam.

Kin ce yana tsoron ruwa. Bari in gaya miki dalili. Yana yaro ya bi mata wanki bakin kogi, ruwa ya ja shi. Inna ce ta fara gani. Ta yar da ƙwarya ta shiga ruwa har ƙirji tana ihu, "Ku kama wancan yaron." Masunta suna tambaya wane yaro, ga yara da yawa a ruwa, ita kuwa sai nuni take yi. Allah ya sa wani ya gane. Matar da ba ta kira shi ba yana nutsewa, ita za ta kira shi a bakin titi a gaban jama'a?

In muka gaya mata gaskiya ta kasa, mun ɗora mata abin da za ta mutu da shi. Ki nemi wata hanya tare da Metir.

Naki,
Abdoul-Wahab

*

Zongo

Abdoul-Wahab,

Gaisuwa. Babu wata hanyar. Metir ya ji cewa bayan babbar Sallah za a kwashe su zuwa wani wuri mai nisa, kuma babu wanda ya san ko akwai layin dogo a can.

Labarin kogi na san shi, shi ya ba ni da bakinsa. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ya ƙara a ƙarshe. Ya yi dariya ya ce har yau bai san yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba. Dariyar ba ta kai ido ba.

Ba kai za ka yanke wa Inna abin da za ta iya ba. Ita ta haife shi, ba kai ba, ba ni ba. Ka gaya mata gaskiya. In ta ce ba ta iyawa, wallahi ba za ta ji komai daga bakina ba sai godiya.

Karimatou

*

Malanville
Farkon Zulhajji

Zuwa ga Karimatou,

Assalamu alaikum. Wannan takardar tare za su iso da Inna.

Na gaya mata. Na same ta tana ba awaki dusa, na tsuguna na faɗi komai, tun daga kofin shayi har layin dogo. Ba ta waiwayo ba. Da na gama ta ce, "Azumi ya zo ya wuce ba a aiko da dabino ba. Ka ɗauka ban san ba Lome ba ce?" Ashe duk watannin nan da take tambaya ko mutanen Kwatano suna lafiya, jira take in daina yi mata ƙarya.

Na bayyana mata abin da ake so ta yi, dalla-dalla, don kada ta ce ba ta gane ba. Ba ta ce za ta yi ba, ba ta ce ba za ta yi ba. Ta wanke hannu ta shiga ɗaki. Can ta fito da ƙullin kayanta da carbi, ta ce, "Yaushe motar albasa take tashi?"

Rafiou ya ba ta gidan gaba. Ki jiƙa mata ƙafa da ruwan ɗumi in ta iso, kuma ba ta cin yaji yanzu. Ni jarrabawar yara ta riƙe ni, kuma kin san sauran dalilin. Ban san abin da za ta yi a wurin ba. Kada ki matsa mata.

Kin fi ni gaskiya a wannan karon. Kada ki saba.

Mijinki na wasa,
Abdoul-Wahab

*

Zongo, Kwatano
Bayan babbar Sallah

Zuwa ga Abdoul-Wahab,

Sallama, da barka da Sallah. Ka zauna kafin ka karanta, kuma wannan kada ka ƙone.

Inna ta iso lafiya, ƙafa a kumbure kamar yadda ka ce. Da ta zo shiga ta ga takalman nan a bakin ƙofa, ta tsaya, sannan ta kewaye su ta shige. Kwanakin da ta yi kafin Alhamis ba ta ce uffan a kan abin da ya kawo ta ba. Ta yi wa Labiba kitso, ta ce miyata gishiri ya yi yawa, ta ce garinmu duk warin kifi. Ni kuma na kama bakina, ka san wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Ranar Alhamis an yi ruwa da safe. Muka je da Metir da wisiyen, wani siririn mutum mai tabarau da bai jin Hausa, an dai gaya masa sunan da zai saurara. Mata sun fi na kullum yawa, don kowa ya ji maganar kwashewa. Inna ta tsaya a gefen kwata, mayafi ya rufe mata baki, carbi a hannu.

Motar ta taho. Tun daga nesa mata suka fara kira, da Hausa, da Dandanci, da Fulatanci, ba ka jin na kowa. Ta rage gudu, tayoyin gaba suka hau ƙarfen. Na dubi Inna. Ta janye mayafin, bakinta yana motsi, babu abin da yake fita. Sai na ji ta ce, "Kai, yaro." Ni kaɗai na ji. Na ce shi ke nan, Abdoul-Wahab ya fi ni sanin uwarsa.

Akwai wata mata da nake gani kowane mako tana kiran ɗanta, ba a taɓa amsa mata ba. Na ba ta labarinmu tun tuni. Ita ce ta juya ta ɗaga hannu ta ce, "Ku yi shiru, tsohuwa za ta kira ɗan farinta." Wallahi suka yi shiru. Mata masu jiran wannan ɗan lokacin tun mako guda suka bar mata shi.

Tayoyin baya suna hawa, Inna ta sauka daga gefen kwata ta shiga cikin ruwan titi. Zan rubuta abin da ta ce, don ba ni na faɗa ba, ita ce.

"Tidjani."

Ba ta yi ihu ba. Yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci, haka ta kira. Motar ta sauka daga layin, direba ya taka. Na ce a raina bai ji ba. Sai daga cikin ƙarfen nan murya ta fito, ta dishe, amma tasa ce.

"Na'am, Inna."

Wisiyen ya dubi agogonsa ya rubuta. Ni ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Inna kuwa ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya ta ce, "Tashi mu tafi, mutane suna kallo." Da muka isa gida, ranar ba ta ci abinci ba.

Metir ya kai takardar wisiye gaban alƙali. Yanzu sun yarda yana hannunsu. An kwashe sauran, shi an bar shi, an mai da shi gidan yari na kowa da kowa, an buɗe masa dosiye, wato fayil ɗin shari'a. Ba a sake shi ba, ba a sa ranar shari'a ba, har yanzu ba a faɗi takamaiman laifinsa ba. Metir ya ce tafiyar da sauran nisa. Amma ya gan shi da idonsa, kuma muna jiran takardar izinin ziyara. Matar nan da ta sa aka yi shiru, nata yana cikin waɗanda aka kwashe ko ba ya ciki, ba ta sani ba. Ina zuwa wurinta.

Inna ta ce ba za ta koma ba tukuna, ka sa ido a kan awakinta. Jiya ta ga rigar Sallar da na ɗinka, ta juya ta a hannu, ta ce, "Ki rage ta. Wancan yaron ya rame, na ji a muryarsa."

Ka gaishe da kowa.
Karimatou

*

Ta hannun Metir Badarou

Zuwa ga maman Labiba,

Assalamu alaikum. Takarda ƙarama aka ba ni. Ina lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi miki, na ji ki duk ranakun da kika zo, na cusa hannun riga a bakina. Na ɗauka ina kare ku ne.

An hukunta ni a kan amsawar da na yi, amma ya wuce, kada ki sa a ranki. Ki ce wa Labiba ta ci gaba da kula mini da takalma. Ki gaishe da Abdoul-Wahab.

Abu ɗaya nake roƙo. Motar tana ruri a lokacin, kuma kaina yana ƙasa. Na gane muryar, amma ƙarshen sunan ya ɓace mini. In an ba ku izinin ziyara, ki roƙar mini Inna, a hankali, ba a gaban kowa ba, ko za ta sake faɗa sau ɗaya. In ta ce a'a, kada ki matsa. Rabin da na ji ma ina riƙe da shi.

Mijinki,
Tidjani